Babi na Shida: Masu Fara Isa Wurin Gobara

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, lokacin da manomi ya fi wadata shi ne lokacin da dukiyarsa ta fi shiga haɗari. Kafin watan Nuwamba ya ƙare an ɗaure dammunan gero da dawa an cika rumbu, an ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, an jingine kara a bayan gida saboda girki da gyaran darni. Abin da iyali za su ci, da wanda za su sayar su aurar da 'ya ko su sayi taki, duk yana tattare a fili ɗaya, kuma ya bushe ƙayau. Sai iskar hunturu ta taso ta tsotse ɗan danshin da ya rage a itace da ciyawa, sanyi kuma ya sa tsofaffi da masu jego su shiga ɗaki da kaskon garwashi. Zamani ma ya kawo nasa: galan ɗin fetur na ɗan acaɓa a ƙarƙashin gado, tukunyar gas, batirin sola da aka haɗa da siririyar waya, maganin sauro na kunnawa a gefen katifa.

Ɗakin jinka in ya kama a irin wannan yanayi, 'yan mintoci yake yi ya zube. Iska ta kwashi tartsatsi ta kai wa rumbun maƙwabci, wuta ta bi darni daga gida zuwa gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san cewa a cikin minti goma sha biyar na farko ake yin ta ta ƙare: ko gobarar ta tsaya a ɗaki ɗaya, ko ta cinye unguwa.

To, a auna wannan da faɗin ƙasar. Ƙananan hukumomin biyu in aka haɗa sun haura murabba'in kilomita 1,300. Tun a ƙidayar 2006 Gaya na da mutum wajen 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000, yau kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Mutanen nan suna warwatse a Kademi da Shagogo da Gamarya da Maimakawa da Balan, da Toranke da Gafasa da Chula da Kunkurawa da Unguwar Bai, da tarin ƙauyuka da rugage da ke ƙarƙashinsu, da yawa a ƙarshen hanyar burji ko ta rairayi. Babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa Wudil ya bi ta Gaya zuwa Shuwarin yana amfanar wanda ke bakinsa ne. Wanda ke can ciki, tazarar kilomita ashirin, lissafinsa daban. A ce an dace: akwai mai lambar 'yan kwana-kwana, akwai sabis a wayarsa, motar lafiyarta ƙalau, da dizal a cikinta da ruwa a tankinta, direban kuma ya san ƙauyen. Duk da haka babbar mota ɗauke da ruwa a kan rairayi sai ta ci rabin awa ko fiye. In ta isa, lita dubu huɗu ko biyar da irin waɗannan motoci ke ɗauka za su ƙare cikin kamar minti goma muddin aka saki mesa sosai, kuma babu famfon da za ta sake sha a kusa.

Ba laifin ma'aikatan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano nake gani ba. Duk mai bin rahoton da hukumar ke fitarwa wata-wata ya san irin wahalar da suke sha, daga kashe wuta zuwa ciro mutane daga rijiya da kududdufi, har da kiran ƙarya da wasu marasa tsoron Allah ke yi musu. Tsarin ne aka gina shi domin birni. A Legas aikin ya faro a zamanin mulkin Turawa a ƙarƙashin 'yan sanda, dokar 1963 ta kafa hukumar tarayya, jihohi suka kwaikwaya: ofis, mota, ma'aikata masu albashi da ke karɓa-karɓa dare da rana. Ko a cikin birni wannan tsari yakan gaza, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2016 lokacin da wuta ta lashe dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 ba za ta iya ajiye mota da ma'aikatan dindindin a kowace mazaɓa ba, ko da kuɗinta ya ninka na yanzu.

Saboda haka jama'ar gari ne ke kashe gobarar ƙauye, tun kaka da kakanni. Mace ce takan fara kurma ihu daga cikin gida. Ladan ya ruga ya kunna lasifikar masallaci: “Jama'a, gobara a gidan Malam wane, a kawo ɗauki!” Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Mata suna juye ruwan randa a bokiti suna miƙowa ta kan katanga, 'yan garuwa sun turo kura da jarkoki, wasu na watsa ƙasa da shebur, wani saurayi ya haye bango yana fizgar jinka da hannu. Akwai jarumta a wurin, da zumunci irin wanda birni ya fara mantawa. Amma a duba da kyau inda ruwan ke zuwa. Kusan duka ana watsa shi ne a tsakiyar harshen wutar, a kan ɗakin da ya riga ya tafi, inda yake zama tururi tun bai sauka ba. Rumbun da ke taku goma ta inda iska ke kaɗawa, wanda bokiti biyar za su jiƙa shi ya tsira, babu mai kallonsa sai ya fara hayaƙi. Darnin da ya haɗa gidan da na maƙwabta ya kamata a kwantar da shi tun farko, amma wa zai ce a rushe shingen wani? Mai gida na kuka a kan ɗakinsa, kowa na ba da umarni, babu mai jin na kowa. A cikin wannan ruɗani ne wani zai sheƙa ruwa a kan wutar fetur ta ƙara bazuwa, wani ya koma ciki ɗauko akuya ko kuɗin da ke ƙarƙashin katifa. Wanda ya ƙone kuma a shafa masa ɗanyen ƙwai ko manja ko man goge baki, alhali abin da fatarsa ke buƙata ruwa ne mai tsabta, a yi ta kwarara masa na tsawon minti ashirin.

Na rijiya ya fi ciwo. Yaro ko tunkiya ta faɗa tsohuwar rijiya, wani mai zuciya ya ɗaura igiya ya shiga, shiru. Na biyu ya bi shi, shiru. A ƙasan rijiyar da ta daɗe a rufe iskar shaƙa takan yi ƙaranci, mutum ya suma ba tare da ya ji alamar komai ba. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san wannan sarai. Sukan ɗaure fitila a igiya su zura a hankali suna kallon harshenta, in ya yi ƙasa ya mutu, babu mai shiga. Sai su ɗaure damin ganye su yi ta zurawa suna jawowa har iskar ta sauya, su sake gwada fitilar. Ilimin yana nan a garin, sai dai mai shi yakan kasance a gona ko a kasuwa sa'ad da abin ya faru, kuma ba a taɓa cewa shi ne za a fara kira ba.

Abin da ke raina a wannan babi shi ne, masu kashe gobarar Gaya da Ajingi suna nan, ba sai an ƙirƙiro su ba. Abin da suka rasa sunaye ne a rubuce, da shugaba, da horo, da 'yan kayan aiki, da ɗan ihisani. Ƙasashen da muke ɗauka sun fi ƙarfin wannan, da shi suke rayuwa. A Jamus masu aikin sa-kai na kashe gobara sun kai kimanin miliyan ɗaya, a rundunoni sama da 20,000, ma'aikatan dindindin kuwa sai a manyan birane ɗari da 'yan kai. Doka ta wajabta wa mai kamfani ya saki ma'aikacinsa in an yi kira, hukumar gari ta biya mai kamfanin kuɗin lokacin da ya rasa. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne. A karkarar Ingila akwai waɗanda ke zaman jiran kira: makaniki ne ko mai shago ko manomi, sharaɗin kawai gidansa ko wurin aikinsa kada ya wuce tafiyar kamar minti biyar zuwa ofishin. Yana yawo da 'yar na'ura a aljihu, in ta yi ƙara ya ajiye abin da yake yi. Ana ba shi wani abu duk shekara saboda zaman jiran, a biya shi kowace fita, kuma dare ɗaya a mako yana atisaye. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Ghana. Bayan wutar dajin 1983 da ta cinye gonakin koko da abinci, dokar 1990 ta tanadi a kafa 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kashe gobara ta ƙasa tana horar da su.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamai sun karantar da mu farali na kifaya, wanda in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Kowane gari ya san masu haƙar kabarinsa da mai wankan gawarsa. Ba albashi suke ɗauka ba, kowa na da sana'arsa, amma in an yi rasuwa da ƙarfe biyun dare an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, an san inda diga da shebur suke. Haka ya kamata gobara ta zama. Ga 'yan sintiri, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da suka saba da layi da bin umarni, ga sarakunan samari.

Kafa irin wannan runduna abu ne mai sauƙi, riƙe ta ne aiki. Babbar matsalar Ingila a yau ita ce rana tsaka: mutanen ƙauye sun tafi aiki birni, mota na ajiye amma an rasa mutum huɗun da za su fitar da ita. Tamu ta fi wannan tsanani, domin lokacin gobara shi ne lokacin cin rani. Da an gama girbi majiya ƙarfin Ajingi da Gaya sun kama hanyar Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, ba za su dawo ba sai hadari ya fara haɗuwa. Duk wanda ya rubuta sunayen samari ashirin a watan Agusta, in ya zo Janairu zai tarar da biyar. Don haka tambayar farko ga mai son shiga ita ce inda yake yin rani. Waɗanda za a dogara da su su ne masu sana'ar zaune: mai faci, mai shayi, maƙeri, tela, mahauci, mai cajin waya, malamin firamare, ladan, 'yan garuwa, masu noman rani. A rubuta mutum goma sha biyu ana fatan samun shida. A kuma yi lissafin ranar kasuwa, domin ranar da Kademi ke ci ƙauyukan kewaye sukan zama fayau, sai mata da yara da tsofaffi. Dole a san mutum uku ko huɗun da za su zauna a gari a wannan rana, a riƙa juyawa.

Wannan ya kawo mu ga mata, waɗanda ake yawan mantawa da su a irin wannan shiri. Yawancin gobarar gida a madafa ko a ɗaki take tashi, kuma mace ce a wurin. Kafin maza su ji ihu, su yi sallama, su shigo, minti uku mafi tsada sun wuce. Matar da ta san ta rufe tukunyar mai da murfi maimakon ta zuba ruwa, ta rufe kan gas, ta fara fitar da yara ta ƙirga su, ta kwantar da wanda zaninsa ya kama ta naɗe shi da bargo, ta yi rabin aikin rundunar. A makarantun Islamiyya na matan aure da wurin ungozoma za a kai wannan darasi, kuma mata ne za su koyar.

Kayan aiki ba sai an je Turai ba. Injin ban ruwa mai inci biyu, irin na masu lambu a fadama, yana tura wajen lita ɗari biyar a minti. Ba shi da ƙarfin feshin motar kwana-kwana, amma ya isa ya jiƙa jinka da rumbu, kuma kowane makanikin ƙauye ya san cikinsa. A ɗora shi a babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya tare da tanki. A lura dai, lita dubu tan guda ce, za ta kafe a rairayi, rabin haka ya fi tafiya, 'yan garuwa su riƙa ciko. Kududdufai sukan ƙafe kafin bazara, saboda haka tankin burtsatsen sola shi ne madogara, a sa masa babban bututu na musamman, a kuma yi yarjejeniya kada a bar shi ya kwana babu ruwa. Sai tsani, da igiya mai ƙwari, da shebur, da tocila, da safar hannu ta fata, da doguwar ƙugiya ta jawo jinka da kwantar da darni. Garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka tashi suka zauna a Dala ba zai rasa mai ƙera ƙugiya ba.

Injin da ya yi wata uku ba a tayar ba, ranar da ake nemansa ba zai tashi ba, domin tsohon fetur yakan toshe shi. Dole duk mako, a ce ranar Juma'a bayan la'asar, a fito da shi a tayar, a shimfiɗa mesa, kowa ya kama inda aka ba shi. Sannan akwai jarrabawar da ta fi wannan. Wata rana wani zai durƙusa gaban dagaci ya ce, “Ranka ya daɗe, injina ya lalace, tumatirina zai ƙone, a ba ni na gari kwana biyu kawai.” Mutumin kirki ne, ƙila ma ɗan uwa. In aka ba shi, an buɗe ƙofa ke nan, kuma daren da wuta za ta tashi injin yana fadama. Gara tun ranar farko a faɗa a gaban kowa a masallaci cewa ba a aronsa, don dagacin ya samu abin kafa hujja.

Wa zai riƙe ragamar? A ganina hannu biyu ne. Horo da ƙa'idar aiki na Hukumar Kashe Gobara ne: jami'i ɗaya mai babur yana iya zagaya mazaɓu goma na ƙaramar hukuma a wata, ya duba kaya, ya yi atisaye, ya karɓi rahoton kowace gobara da musabbabinta. Zaɓen mutane da ba su iko kuwa na masu sarauta ne. Tun watan Yulin 2024 Masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, kuma daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa babu gidan da ba a sani ba. Ta wannan hanya aka bi a yaƙi da shan inna, tare da mata masu shiga gida-gida da ake ba ɗan alawus, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya. In dagaci ya tsaya gaban jama'a ya ce wane ne shugaban kashe gobara, in ya ce a kwantar da darni a kwantar, to ranar gobara maganarsa za ta yi nauyi.

Kuɗi kuwa ƙaramar hukuma ce ya kamata ta ɗauka, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Abin da nake tsoro a nan sananne ne. Da zarar an ji akwai alawus, takardar sunaye za ta koma hannun 'yan siyasa, a cika ta da yaran jam'iyya da ke zaune a Kano, gwamnati na sauyawa a watsar da waɗanda aka horar a kawo sababbi. Maganin da na gani shi ne kada a biya kowa don sunansa na takarda. A biya wanda ya zo atisaye da wanda ya fita ranar gobara, jami'in hukuma da mai unguwa su sa hannu tare.

Wani muhimmin ɓangare na horon shi ne sanin wutar da ta fi ƙarfinsu. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutane suka taru ɗibar mai, ta fashe, sama da mutum 150 suka rasu. Irin waɗannan tankoki kullum suna bin titin Gaya zuwa arewa maso gabas. A irin wannan wuri injin ban ruwa ba shi da amfani. Aikin 'yan sa-kai shi ne su kira hukuma, su tare hanya daga nesa, su hana tayar da babur da kunna sigari, su kori jama'a, ko da za a zage su. Mutum goma da gari ya sani yake jin nauyinsu sun fi baƙon ɗan sanda iya mayar da taro baya.

Sauran aikin na kafin wuta ne, kuma shi ya fi yawa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim da ke umarni da a kashe wuta kafin a kwanta barci, liman na iya tuna wa jama'a a huɗubar farkon sanyi. Rundunar kuma ta zagaya da kaka: a nisanta rumbu da madafa, a share ciyawar da ke kewaye da gari, a fitar da fetur daga ɗakin kwana, a rufe bakin tsofaffin rijiyoyi. A fara da tsangayu, inda yara da yawa ke kwana a ɗaki mai ƙofa ɗaya kusa da tarin karan da suke karatu da haskensa. A Ƙauran Namoda almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Fabrairun 2025. A Maraɗi yara aƙalla 25 suka ƙone a azuzuwan zana a Nuwamban 2021.

Akwai hakki ɗaya da bai kamata a ɗauki mutum ko ɗaya ba sai an warware shi. Mai facin da ya bar shagonsa ya shiga hayaƙi saboda gidan wani, in ya ƙone, wa zai yi jinyarsa? Ƙuna mai tsanani ba a gama ta a asibitin karkara, sai an dangana da Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na Ƙashi da ke Dala, kuma jinya ce ta watanni da ke cinye abin da gida ya tara. Jihar na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Ƙaramar hukuma ta sa kowane ɗan runduna a ciki ta biya masa, ta ware wani abu domin abin da tsarin bai ɗauka ba, ta kuma rubuta abin da za a ba iyalinsa duk wata har ya koma bakin sana'arsa. A karanta masa wannan takarda a gaban dagaci da liman kafin a miƙa masa ƙugiya da safar hannu.